Bin Sawun Paul Tessier, daga Paris zuwa Héric

Aikina a ɗakin tiyata shi ne jera kayan aiki da miƙa wa likita abin da ya nema. Idan tawagar masu gyaran fuska ta zo mana a ƙasar Damagaram, a cikin tirensu akwai ƙarafa da ake kira da sunan mutum guda: wani siririn kurfi na yanka ƙashi, da wata irin filaya da ake lanƙwasa ƙashin haƙarƙari da ita. Likita zai miƙo hannu, idonsa na kan aiki, ya ce "Tessier," ni kuma in ɗora masa a tafin hannu. Haka nan idan aka kawo jariri mai tsaga daga gefen baki zuwa wajen kunne, abin da za a rubuta a takardarsa shi ne "Tessier 7". Sunan ya zauna a bakina tun kafin in san mai shi, wato Paul Tessier, likitan tiyatar fuska ɗan Faransa.

Da aka tura ni wani ɗan gajeren kwas a Paris a lokacin kaka, sai na ƙudura cewa ranakun hutuna na mutumin nan ne. Na sauka wurin kawuna, ƙanen mahaifiyata, a Saint-Denis. Birkila ne, ya daɗe yana aikin gini a can har ƙarfinsa ya ja baya ya ajiye. Da na faɗa masa inda nake son zuwa sai ya dube ni ya ce, "Ke 'yar nan, mutane na zuwa Paris kallon hasumiyar Eiffel, ke kuma asibitoci za ki bi?" Na ce, "Kawu, ai ɗaya daga cikin asibitocin ana hango hasumiyar daga can." Ya yi dariya ya ce tun da uwata ta ba shi amanata, ƙafarsa ƙafata.

Mun fara da Val-de-Grâce, tsohon asibitin soja da ke gunduma ta 5 ta birnin. An rufe asibitin a 2016, amma gidan tarihin likitancin soja yana nan a tsohon ginin da ke jikin cocin. Abin da na je gani yana cikin akwatunan gilashi: fuskoki na kakin zuma da na filasta, waɗanda aka kwafo daga fuskokin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Na daɗe tsaye gaban ɗaya. Daga ido zuwa sama saurayi ne lafiyayye, goshi sumul, gira a jere. Daga ƙasan hanci kuwa babu leɓe, babu haɓa, sai rami mai ja. Mai kwafin bai ɓoye komai ba, har bakin raunin da ya tattare ya fito da shi. Na saba ganin irin wannan ramin a fuskar yara masu rai, amma ganinsa a daskare, shekara ɗari da wani abu, sai da ya sa na nemi wurin zama.

Yaƙin 1914 zuwa 1918 yaƙin ramuka ne. Jiki na ɓoye, kai ne ke leƙowa, shi ɓarɓashin bama-bamai ke samu. Ya bar wa Faransa mutane tsakanin 10,000 zuwa 15,000 masu mummunan rauni a fuska. A nan Val-de-Grâce, Hippolyte Morestin, ɗan tsibirin Martinique, shi ke jagorantar ɗinkinsu, har murar da ta share duniya ta ɗauke shi a 1919. A Ingila kuma Harold Gillies ke wannan aiki a asibitin Sidcup. Ranar 28 ga Yuni 1919, da za a sa hannu kan yarjejeniyar Versailles, an kawo biyar daga cikin masu raunin an tsayar a zauren, don manyan ƙasashe su ga abin da suka jawo. Kawu ya yi ta salati ƙasa-ƙasa. Ya ce shi abin da ke ransa shi ne samarin Afirka ta Yamma da aka kwaso aka zuba cikin ramukan nan, ko wa ya ɗinke tasu fuskar.

Paul Tessier bai ga wannan yaƙi ba, a cikinsa aka haife shi, a garin Héric, ranar 1 ga Agusta 1917. Amma malaminsa a Paris, Maurice Virenque, yana cikin likitocin da suka koyi aikin fuska a jikin waɗannan sojoji, kuma tare suka koma asibitin Foch a 1946. Daga nan Tessier ya riƙa tsallakawa Ingila yana kallon hannun Gillies da na Archibald McIndoe. Waɗannan manya sun iya ɗauko fata daga wani wuri su rufe wani, sun iya haɗa muƙamuƙin da ya farfashe. Iyakarsu ita ce ƙashin da ya kewaye ido da kuma shimfiɗar ƙashin da ta raba fuska da ƙwaƙwalwa. Ƙasa na masu gyaran fuska ne, sama na likitocin ƙwaƙwalwa ne, tsakani kuwa kowa ya ja da baya.

Washegari da sassafe muka kama jirgin ƙasa daga tashar Montparnasse zuwa Nantes. Wannan hanya ce ainihin abin da ya fito da ni, ga kuma dalili.

A 1957 aka kawo wa Tessier wani saurayi mai cutar da Octave Crouzon ya fara bayyanawa a 1912. Ƙoƙon kan jariri ba ƙashi ɗaya ba ne, falle-falle ne da mahaɗai a tsakani, shi ya sa ma muke ganin maɗiga na bugawa. A wannan cuta mahaɗan suna rufewa tun lokaci bai yi ba. Tsakiyar fuska ta ƙi girma zuwa gaba, kwarmin ido ya kasance babu zurfi har idanu su firfito, haƙoran ƙasa su zarce na sama, numfashi ya yi wuya musamman cikin barci. Magani ɗaya ne, a raba tsakiyar fuska gaba ɗaya da ƙoƙon kai a jawo ta gaba. Tun 1901 René Le Fort, likita a Lille, ya nuna layuka uku da ƙashin fuska ya fi karyewa a kansu, kuma na ukun, mafi sama, shi ne wanda ke raba fuska da kai. Gillies ya taɓa yanka kan wannan layi da gangan, ya buga labarin a 1950, amma fuskar ta koma inda ta fito, har aka ruwaito yana gargaɗin abokan aikinsa kada kowa ya sake gwadawa.

Tessier bai ce Gillies ya yi kuskure ba, bai kuma ɗauki wuƙa ba. Ya so ya fara gwada kowane yanka a kan gawa tukuna. Da yake ba a Paris ya yi karatunsa na farko ba, sai bai sami shiga ɗakin fiɗar gawa a can ba. Nantes, inda aka san shi, ita ta buɗe masa ƙofa. Saboda haka idan ya tashi aiki da yamma sai shi da ma'aikaciyar da ke miƙa masa kaya su hau jirgi, su yi tafiyar kusan kilomita 400, su yi aiki a kan gawa cikin dare, su kamo jirgin tsakar dare su dawo, gari na wayewa suna ɗakin tiyata. Mu jirgin zamani muka hau, wajen awa biyu ya kai mu. A zamaninsu babu shi.

Bayan mun wuce Angers dogo ya bi gefen kogin Loire, ruwa shimfiɗe da tsibiran yashi a tsakiya, hazo bai gama tashi ba. Kawu ya daɗe shiru, can ya ce, "To amma ɗiyata, gawar mutane fa? Wannan ai ba ƙaramin abu ba ne." Na ce masa gaskiya ne, ba ƙarami ba ne, kuma duk wanda ya daina jin nauyinsa bai cancanci shiga ɗakin ba. Amma malamai da dama na wannan zamani sun halatta shi don koyon likitanci bisa larura, da sharaɗin a kiyaye mutuncin mamaci. Na ce, "Kawu, hannun da bai koya a kan mamaci ba, a kan ɗan wani zai koya." Bai ba ni amsa ba. Ya juya yana kallon ruwa yana jan carbinsa.

Ni kuwa hankalina na kan matar nan. A mafi yawan wuraren da ake ba da wannan labari ba a ambaton sunanta, sai dai a ce ma'aikaciyarsa. Na san abin da ke cikin wannan aiki: ita za ta wanke ƙarafan, ta ƙirga su, ta naɗe su, ta ɗauko jakar, kuma da safe ita za ta riga kowa shiga ɗaki ta jera tire. Na so a ce duk inda aka ambaci jirgin daren nan a ambace ta da sunanta.

A Nantes muka taka daga tasha, muka wuce fadar sarakunan Bretagne ta dā, har zuwa Hôtel-Dieu, babban asibitin garin, wanda makarantar likitanci ke kusa da shi. A nan Tessier ya fara karatu. Yaƙi na biyu ya katse shi. Jamusawa suka kama shi a 1940, ya kwanta ciwo a sansanin fursuna, har wani tsohon malaminsa ya gano zazzaɓin taifot ne ya taɓa masa zuciya, aka sake shi a 1941. A watan Satumba 1943 jiragen Amurka suka yi wa Nantes ruwan bama-bamai, mutum sama da 1,400 suka mutu, asibitin kansa ya rushe. Ginin da muka tsaya gabansa bayan yaƙi aka yi shi. Rushewar nan na cikin abin da ya tura Tessier Paris, amma bai yanke da garin ba. Ya ci gaba da aiki da likitan ido Gabriel Sourdille, kuma a wannan hulɗa ya laƙanci kwarmin ido ciki da waje, sanin da ya yi masa rana daga baya.

Ba zan wuce Nantes ban faɗi wani abu ba. A bakin kogi, a Quai de la Fosse, an dasa ƙananan alluna na gilashi a daɓen hanya, mafi yawansu ɗauke da sunan jirgin ruwa. Jiragen bayi ne. Daga wannan gari aka yi safara sama da 1,700 zuwa gaɓar Afirka, fiye da kowace tashar ruwa ta Faransa. An buɗe wurin tunawar a 2012. Muka bi su a hankali muna karantawa, Kawu na kaucewa kada ya taka.

Héric na arewa da Nantes da kimanin kilomita 25, a kan hanyar Rennes. Bas muka shiga. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗa mai ciyawa shar, shanu jajaye da farare a bayan shinge, gidaje masu rufin baƙin dutse. Garin ƙarami ne: coci a tsakiya, ofishin magajin gari, kantin magani, gidan burodi. Iyayen Tessier fataken ruwan inabi ne a nan. Yana yaro aikin sojan ruwa ya so, rashin lafiya ta hana, sai ya faɗa likitanci. Na tambayi matar da ta sayar mana da burodi ko ta san sunan. Ta ce ita baƙuwa ce a garin, aure ya kawo ta, amma ta tambaye ni me mutumin ya yi. Da na ce mata likitoci daga Meziko har Ostireliya suna kiransa uban wani fanni sukutum na tiyata, sai ta kira mijinta daga ciki ta ce in maimaita.

Muka zauna a benci kusa da cocin muna cin burodin da zafinsa. A nan Kawu ya fito da tambayar da na san tana cinsa tun Paris, wadda kuma nake ji daga bakin iyaye a gida kusan kullum: "Yaron da aka haifa da fuskarsa haka, ba Allah ne ya yi shi ba? Gyaran nan ba canza halitta ba ne?" Na ba shi labarin Arfaja ɗan As'ad, sahabin da aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa hancin azurfa, ya yi masa wari, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya sa na zinariya. Zinariya haramun ce ga namiji, amma saboda hanci aka sassauta. Malamai sun raba tsakanin kawar da aibi da neman ƙarin ƙawa. Yaron da idonsa ba ya rufuwa har ya bushe ya makance, ko yarinyar da ake ɓoyewa a ɗaki idan baƙi sun zo, ba ƙawa suke nema ba. Kawu ya ce, "Wannan hadisi ban taɓa jinsa ba." Na ce ya tambayi limaminsu na Saint-Denis. Ya ce ai kuwa zai tambaya, kuma ya tambaya.

Asibitin Foch yana Suresnes, yamma da Paris, a gangaren tudun Mont Valérien. Daga tashar Saint-Lazare muka hau jirgin unguwanni, muka sauka kusa da shi. Ana ɗan hawa tudun sai ga dajin Boulogne a ƙasa, birnin a shimfiɗe, hasumiyar Kawu tsaye a can. Asibiti ne mai aiki, marasa lafiya na shiga na fita, don haka ban nemi kutsawa ko'ina ba. Muka zauna a waje inda ake ganin ginin, na ƙarasa masa labarin.

A 1958, bayan dogon shirin nan, Tessier ya yi wa saurayin nan mai cutar Crouzon aiki. Ya yanka ta cikin kwarmin ido biyu, ta tushen hanci, ta ƙashin kunci, ta bayan muƙamuƙin sama, har tsakiyar fuskar ta saki. Ya jawo ta gaba milimita 25. Abin da ya bambanta shi da Gillies shi ne bai bar gibin da ya buɗe a banza ba, ya cike shi da ƙashin da ya ɗebo daga jikin mutumin, fuskar ta sami abin jingina, ba ta koma ba. Wannan ƙa'ida ce ya riƙe har ƙarshen aikinsa: a fara gyara ƙashi, a cike gurbi da ƙashin mai jikin, daga haƙarƙari ko ƙugu, daga baya ma har daga ƙoƙon kai da ake tsagawa gida biyu, sannan a dawo kan fata. Yankan ma ta cikin gashi ake yinsa, daga kunne zuwa kunne, a sauko da fatar goshi, don kada a bar tabo a fuska.

Sai matsala ta biyu, wadda ta fi ta farko tsoro: yaran da ake haifa idanunsu sun yi nisa da juna ƙwarai, tushen hanci ya yi faɗi. Ba ido za a matsar ba, kwarmin ne duka, rufinsa kuwa shi ne daɓen da ƙwaƙwalwa ke zaune a kai. Ba a isa gare shi sai ta sama. A Foch ɗin akwai likitan ƙwaƙwalwa, Gérard Guiot. A farkon shekarun 1960 Tessier ya same shi ya tambaye shi ko zai yarda ya buɗe ƙoƙon kai ta goshi, ya ɗaga ƙwaƙwalwa, shi kuma ya yi aikinsa a ƙarƙashi. Duk abin da aka koya wa likitoci a lokacin ya hana hakan, domin hanci cike yake da ƙwayoyin cuta, haɗa shi da mazaunin ƙwaƙwalwa kuwa gayyatar sanƙarau ne. Guiot ya yi tunani ya ce, "Me zai hana?"

Mutane na son wannan amsa, har ta zama taken ƙungiyar likitocin fannin ta duniya da aka kafa a 1983. Ni abin da ya biyo bayanta ya fi burge ni. Ba su tashi washegari sun yi ba. Da farko aikin kashi biyu suka raba shi: a fara buɗewa a ƙarfafa tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da wata shimfiɗa daga fatar mutum, a rufe, a jira ya warke, sannan a dawo a matsar da kwarmin. Sai da suka tabbatar tantanin na iya riƙewa suka haɗe aikin ya zama guda. Tessier ya kuma gano cewa idan aka yi yankan a gaban ramin da jijiyar gani ke fitowa, jijiyar na da sassaucin da za ta bi ido ba tare da ta tsinke ba. A zagaye kwarmin da zarto ta sama da ƙasa da gefe biyu, a cire ƙashin da ya yi yawa a tsakiya, a turo su su kusanci juna, a ɗaure da waya, a cike gefe. Kawu ya ce, "Wato kamar a cire taga da katakonta, a matsar da ita, a toshe gurbin da bulo." Na ce haka ne, sai dai mai gidan na ciki yana barci.

A 1967 ya kai hotunan aikinsa babban taron likitocin gyaran jiki na duniya a Roma, mutane suka riƙe baki. A wannan shekara kuma ya yi abin da saboda shi na hau tudun nan. Ya gayyato manyan likitocin fuska, na ido, na ƙwaƙwalwa da na yara daga ƙasashe dabam-dabam zuwa Foch, ya nuna musu marasa lafiyarsa, ya yi tiyata a gabansu suna kallo, sannan ya ce su yanke hukunci: idan suna ganin haɗarin ya fi amfanin, zai daina. Mutumin da ya kwashe shekara goma yana gina abu ya ɗora shi a hannun waɗanda za su iya rushe shi da kalma ɗaya. Suka ce ya ci gaba. Na yi aiki da likitoci masu hannu sosai, na gida da baƙi, kuma na san yadda yake da wuya babba ya ce wa tsaransa ku zo ku duba ni. A ganina wannan ne ya sa aikin ya zama fanni da ake koyarwa, maimakon bajintar mutum ɗaya da za ta bi shi kabari.

Daga nan Suresnes ta zama mahaɗa. Fernando Ortiz Monasterio na Meziko, Ian Munro na Toronto, Linton Whitaker na Philadelphia, Henry Kawamoto na Los Angeles, Anthony Wolfe na Miami, David David na Adelaide, duk sun sha daga gare shi sun koma sun kafa tawaga a garuruwansu. Shi ma ya riƙa zuwa Amurka yana aiki tare da su. A 1976 ya fitar da lissafin tsagogin fuska daga 0 zuwa 14, ya ɗauki ido a matsayin cibiya, ƙananan lambobi na ƙasa, manya na sama, ta yadda tsagar da ta ratsa daga leɓe zuwa goshi lambobinta biyu za su haɗu su ba da 14. Da wannan lissafi likita a Yamai zai rubuta lamba ɗaya, na Janeba ya gane abin da ke gabansa tun bai ga hoto ba.

Ba aiki ne mai sauƙi ba, kuma ba zan ƙawata shi ba. Tiyata ce da kan wuce awa goma, jini na zuba da yawa, mai ba da maganin barci shi ke riƙe da ran yaron daga farko har ƙarshe. An san Tessier da tsanani kan aiki da rashin gajiya, kuma wanda ya taɓa tsayawa awa goma da safar hannu ya san su wa ke biyan kuɗin wannan hali. Hutunsa kuma farautar manyan namun daji ne a Afirka, abin da ban ji daɗin sani ba.

Muna saukowa daga tudun Kawu ya ce, "To ku a gida, irin wannan kuke yi?" Na ce a'a, kuma e. Mu abin da ya fi zo mana shi ne ciwon da ake kira noma, wanda wasu ke kira ciwon iska. Ba da shi ake haihuwa ba. Yaro ne ɗan shekara 2 zuwa 6 da tamowa ta raunana, ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro suka ƙara kayar da shi, sai dasashi ya kumbura, baki ya yi wari, cikin 'yan kwanaki kunci ya yi baƙi ya ɓule. Idan ba a yi magani ba, kusan 9 cikin 10 mutuwa suke yi, alhali idan aka kama shi da wuri maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau sun isa. Wanda ya tsira yakan tashi da muƙamuƙi a kulle, ba hanci ko ba leɓe. Ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana kula da irin waɗannan yara a Damagaram, wasu a kai su Janeba inda Denys Montandon ya shahara da aikinsu. A Sakkwato akwai asibitin noma na yara tun 1999. A Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, Najeriya ce ta jagoranci neman hakan. Sunan Tessier ba a kan noma ya fito ba. Amma duk ranar da aka ɗebo ƙashi daga ƙoƙon kan yarinya aka gina mata kunci, ko aka ce a fara da ƙashi kafin fata, ko aka zauna da likitan haƙori da mai maganin barci da mai gashin ƙashi kafin a taɓa yaro, hanyarsa ake bi.

Amiens na je ni kaɗai daga tashar Gare du Nord, Kawu gwiwarsa ta motsa. Awa ɗaya da 'yan mintuna. Kowa cocin garin yake zuwa gani, wanda aka fara ginawa a 1220, ni ma na leƙa. Amma a asibitin jami'ar wannan gari ne, ranar 27 ga Nuwamba 2005, Bernard Devauchelle tare da Jean-Michel Dubernard na Lyon suka yi dashen wani ɓangare na fuska na farko a duniya, hanci da leɓuna da haɓa, ga Isabelle Dinoire wadda karenta ya yi wa rauni. Tessier na da shekara 88 a lokacin. Ya rasu a Paris a watan Yuni 2008 yana da 90.

A Amiens ɗin kuma aka adana abin da ya bari: takardun marasa lafiya, hotuna, zane-zanen yankan ƙashi, rubutun hannunsa, kayan aiki. Likitoci na komawa cikinsu har yau suna fitar da nazari, domin yakan ɗauki hoton mutum kafin aiki da bayan aiki, ya ci gaba da bibiyarsa shekara da shekaru don ya ga yadda fuskar ta girma. A wurinmu nan ne ƙafa ke gajarta. Yaro zai warke, uwarsa ta goya shi ta koma ƙauye mai nisa, lambar wayar da ta bari ta maƙwabci ce, damina ta yanke hanya, bayan shekara biyar babu wanda zai iya cewa bakin ya sake kullewa ko yana buɗewa. A jirgin dawowa na ciro takardar rahoton da ake so kowa ya cike a ƙarshen kwas. A gurbin abin da mutum yake buƙata idan ya koma, na rubuta kabad mai makulli, da kyamara ɗaya ta sashenmu, da babban littafi mai gurbin sunan ƙauye da na mai gari, da kuɗin man babur na zagaye sau biyu a shekara.